Shin kata tana da amfani idan aka ci kwalarka a titi?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai koyon kareti a Zariya. Kata dai ita ce tsararren jerin motsi da ɗan kareti ke haddacewa ya riƙa yi shi kaɗai. Ya ce shekararsa uku yana zuwa atisaye, ya haddace kata biyar da ake kira Heian da ta farko a cikin waɗanda ake kira Tekki, malaminsa ma yana yaba masa. Amma ranar da gardama ta haɗa shi da wani a tashar mota, mutumin ya ci kwalarsa ya manna shi da jikin mota, ko motsi ɗaya daga cikin abin da ya koya bai zo masa ba. Yana son sanin ko akwai kariyar kai a cikin kata, ko kuwa rawa ce kawai da ake yi don cin jarrabawar bel, wato ɗamarar da ke nuna matakin ɗan kareti.

Ƙanena, sannu da wannan abu, Allah Ya kiyaye gaba. Akwai kariyar kai a cikin kata, mai yawa ma kuwa, amma maimaita ta kai kaɗai a fili ba zai taɓa ba ka ita ba, ko da shekara ashirin za ka yi. Abin da ya same ka a tasha ya sami masu baƙin bel da dama, kuma ba ragwanta ba ce. Rabin karatu aka ba ka.

Ka san yadda ake karatun littafi a zaure. Ɗalibi yakan haddace matani, gajerun jimloli masu dunƙule da ma'ana, sannan ya zauna gaban malam a warware masa sharhi: wannan jimla ga abin da take nufi, ga inda hukuncinta yake aiki, ga inda ba ya aiki. Wanda ya haddace matani bai zauna an yi masa sharhi ba, zai iya rero shi tiryan-tiryan, amma da an kawo masa mas'ala sai ya yi shiru. Kata matani ce. Mutanen da suka tsara ta sun riga sun iya faɗan da hannunsu, da abokin gwaji, sannan suka dunƙule abin da suka sani cikin jerin motsi don kada ya ɓace, kuma don mutum ya samu abin maimaitawa idan yana shi kaɗai. Sharhin shi ne abin da 'yan kareti ke kira bunkai, wato warware kowane motsi a jikin mutum na gaske.

Yadda sharhin ya faɗi a hanya labari ne da ya kamata kowane ɗan kareti ya sani. Kareti ɗan tsibirin Okinawa ne, wanda a da masarauta ce mai zaman kanta, Ryukyu, kafin Japan ta haɗe ta a 1879. A can malami yakan ɗauki almajirai kaɗan, ya koyar da su a tsakar gidansa, kuma suna da zancen da ke cewa kata guda shekara uku. Mutum zai iya ƙare rayuwarsa da kata biyu ko uku, amma ya san cikinsu da bayansu. A farkon shekarun 1900 Anko Itosu ya shigar da kareti makarantun gwamnati na Okinawa, ya kuma tsara kata biyar da ya kira Pinan don yara 'yan makaranta. Su ne Heian ɗin da ka haddace. Almajirinsa Gichin Funakoshi ne ya sauya musu suna bayan ya koma Tokyo a 1922. Malamin da ke gaban yara masu yawa a filin makaranta ba zai koya musu murɗe wuya da karya gwiwar hannu ba. Zai jera su sahu-sahu, ya ƙirga, su yi motsi tare. Da kareti ya shiga jami'o'in Japan sai ya ƙara ɗaukar wannan salo na fareti, sannan gasa ta zo: ƙungiyar kareti ta Japan, JKA, ta yi gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya a 1957. A gasa mutum biyu ne masu horo iri ɗaya, suna nesa da juna, kowa na jiran kafar da zai shiga da naushi ya fita. Daga nan aka fara fassara kata da idon gasa, aka ce wannan motsi tare naushin ɗan kareti ne, wancan tare shurin ɗan kareti ne. Wannan karetin ne ya bazu a duniya, shi ne ya iso mana.

Itosu kansa bai bar mu cikin duhu ba game da wanda aka tsara abin dominsa. A wasiƙar da ya rubuta wa hukumomi a 1908, mai ɗauke da ƙa'idoji goma, ya bayyana cewa manufar kareti ita ce mutum ya tsare kansa daga rauni da hannu da ƙafa idan ya yi kiciɓis da mugu ko ɗan daba, kuma ya umarci ɗalibi ya nemi bayanin kowane motsi ya san lokacin da ake amfani da shi. To mugu yaya yake kawo hari? Ba ya ja da baya ya gyara tsayuwa ya jefo naushi miƙaƙƙe. Yana zuwa da baki tukuna, da zagi ko tambaya, har ya matso inda kake jin numfashinsa. Sai hankaɗa, sai cin kwala, sai mari ko naushin da ake lilo da shi daga gefe, sai shaƙa, sai cakumar hannu, sai rungumowa ta baya, sai maƙale kai a hammata. Wani mai bincike ɗan Kanada, Patrick McCarthy, da ya daɗe yana nazari a Japan da Okinawa, ya tattara irin waɗannan hare-hare guda 36 da ke maimaituwa a faɗan mutane ko'ina, ya ce su ne tambayoyin da kata ke amsawa. Ko ba ka yarda da lissafinsa duka ba, tushen maganarsa daidai ne, kuma duk wanda ya taɓa raba faɗa a kasuwa zai shaida.

Da zarar ka matso da abokin gaba kusa, tazarar da hannunka zai iya kama rigarsa, abubuwan da suke kamar shirme a kata sai su fara yin ma'ana. Fara da hannun nan da ake ja zuwa ƙugu a kowane motsi, wanda ake kira hikite. Tabbas an gaya maka don ƙara wa naushi ƙarfi ne. Ka tambayi kowane ɗan boksin ko zai sauke hannunsa ƙugu ya bar fuskarsa a buɗe, zai ce maka a'a. Funakoshi ya rubuta a littattafansa cewa aikin wannan hannu shi ne ya damƙi hannun abokin gaba ya murɗa ya fizgo shi. Ke nan hannun ba fanko yake komawa ba: akwai tsintsiyar hannu a cikinsa, ko hannun riga, ko kwala. Yana kawar da abin da ya tare maka hanya, yana karya wa mutum tsayuwa, yana kuma gaya maka inda kansa yake ko da duhu ne ko idonka ya rufe. Wannan kaɗai, idan ka riƙe shi, zai sauya yadda kake kallon duk kata biyar ɗin.

Sai juye-juyen. Ana gaya wa ɗalibai wai kana juyawa hagu don wani ya taso daga hagu, ka juya baya don wani ya taso daga baya, kamar mutum takwas sun kewaye ka suna jiran layi. Kenwa Mabuni, wanda ya kafa salon Shito-ryu, ya ƙaryata wannan a rubuce tun 1938. Ya ce kusurwar da kata ta nuna tana gaya maka inda za ka koma ne dangane da wanda ke gabanka. Idan kata ta juya gefe, ana ce maka ka kauce daga saitinsa ka koma gefensa, inda hannayenka biyu ke iya kai masa, shi kuwa sai ya juyo kafin ya same ka. Almajiran Chojun Miyagi na salon Goju-ryu ma sun ruwaito ƙa'ida irin wannan daga gare shi: kada layin tafiyar kata ya ruɗe ka, abokin gaba ɗaya ne kuma yana gabanka.

Yanzu mu koma jikin motar nan a tasha. Ya ci kwalarka da hannun hagu, na damansa yana baya a shirye. A Heian ta farko akwai motsin da ake ɗaga damtse sama sau uku a jere, age uke, wanda aka ce maka tare naushin fuska ne. Duba yadda ake shirya shi: hannu ɗaya yana miƙewa gaba a buɗe, sannan ya dawo ƙugu yayin da ɗayan ke tashi, kana kuma takawa gaba. Wa ke takawa gaba don ya tare naushi? A jikin mota ga yadda yake aiki. Hannunka na dama ya danne hannun da ya riƙe ka, ka kama shi a gwiwar hannu ko a riga ka fizgo ƙasa zuwa ƙugunka. Wannan fizgar tana jawo kansa gaba, tana kuma rage ƙarfin naushin da yake shiryawa. A lokaci guda damtsenka na hagu ya tashi ya shiga ƙarƙashin haɓarsa, nauyin jikinka duka yana bayansa saboda takun da ka yi. Damtsen da ya tashi yana kuma rufe maka gefen da naushinsa zai fito. Kan mutum idan ya tanƙwashe baya, ƙafafunsa ba sa riƙe shi. Ka samu sarari, ka fita daga tsakaninsa da motar, ka tafi. Kata ta maimaita shi sau uku don ka iya shi ta kowane hannu, kuma don sau ɗaya ba lallai ya isa ba.

Motsin farko da aka koya maka ranar da ka fara, gedan barai, wanda ake share hannu ƙasa, shi ma haka. An ce tare shuri ne. Ƙashin damtse idan ya yi karo da ƙwaurin ƙato, damtsen ne zai ji jiki. Amma ka sa wani ya kama maka tsintsiyar hannu ko ya miƙo hannu zai ture ka: ka kama hannun ka ja shi ƙugu, ka kauce gefe kamar yadda kata ta juya, damtsenka ɗaya ya sauko a bayan gwiwar hannunsa. Zai sunkuya ko bai so ba, kansa ya sauko daidai inda naushin da ke biye a kata yake zuwa. Doguwar tsayuwar da kake ƙorafin tana gajiyar da cinya, aikinta ke nan: tana zuba nauyinka a kan gaɓarsa. Tsayuwa a kata hoton inda nauyinka ya faɗa ne a ƙarshen motsi, ba wurin da za ka tsaya kana jira ba. Shuto uke da ke rufe Heian ta farko kuwa, hannu ɗaya na kawar da hannunsa ya riƙe shi a ƙirjinka, gefen ɗayan yana sauka a wuyansa, kuma kata ta nuna shi a karkace don ka san daga gefe ake shiga.

Tekki da ka ce ka haddace, ita ce dukiyar da ke hannunka ba ka sani ba. Sunanta na asali Naihanchi. Ba ta da tsalle, ba ta da shuri mai tsawo, gefe da gefe kawai take tafiya, shi ya sa matasa ke raina ta. Choki Motobu, wanda ya rayu daga 1870 zuwa 1944, ya yi suna a Okinawa da gwada karetinsa a faɗan gaske a unguwannin dare na Naha, babban birnin tsibirin, kuma ya taɓa buge wani Bature ɗan boksin a Kyoto yana da shekara hamsin da ɗoriya. Wannan mutum Naihanchi ce ginshiƙin koyarwarsa. Duba abin da ke cikinta: buɗaɗɗen hannu ya miƙa gefe, sai gwiwar hannu ta bugi tafin. Tafin nan ƙeyar mutum ya riƙe. Sai hannaye biyu su taru a ƙugu ɗaya, wato an jawo kai ko hannu ƙasa. Sai gajeren naushi mai lanƙwasa, sai ƙafar da ke ɗagowa ciki da sauri, wadda ke bugun gwiwa ko taɗiye ƙafa. Faɗan ƙuƙut ne tun daga farko har ƙarshe, irin na cikin lungu ko tsakanin motoci biyu. Hotunan atisayen mutum biyu guda 12 da Motobu ya wallafa a 1926 suna nan, kuma a cikinsu za ka ga yana manne da abokin gwajinsa, hannu ɗaya na riƙe, ɗaya na bugu. Funakoshi ma, da ake ɗauka karetinsa naushi da shuri ne kawai, ya sa hotunan kayarwa guda tara a littafinsa na 1935, ya kuma ba da labarin kokawar Okinawa da ake kira tegumi wadda suka yi suna yara. Mutanen da suka tsara kata sun tashi da kokawa a jikinsu, shi ya sa ba su ga buƙatar koyar da ita daga tushe ba.

Sai dai ka yi hattara, domin yawancin bayanan asali da baki aka riƙa miƙa su, ba a rubuta ba, kuma yaƙin Okinawa na 1945 ya ci mutane da takardu masu yawa. Mafi yawan bunkai da ake koyarwa yau sake ginawa ce daga abin da ya rage. Wani ginin mai kyau ne, wani kuwa ƙawa ce kawai. Intanet cike take da masu nuna motsi bakwai a jere a kan mutumin da ya miƙa hannu ya sandare yana jira. Ma'aunina mai sauƙi ne. Harin da ake amsawa, irin wanda mutane ke kawowa ne da gaske? Kowane hannu yana da aiki? Zai yiwu idan abokin gwaji ya ƙi ba da haɗin kai? Zai yiwu idan zuciyarka na dukan uku-uku? Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci, domin tsoro idan ya sauka yatsu ba sa yin aiki mai laushi, ido yana ƙuntata, dabarar da ke buƙatar ka kama ɗan yatsa ko ka dace da wata jijiya takan watse. Abin da ke saura shi ne manyan motsi: damtse, gwiwar hannu, tafi, gwiwa, ja da turi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a nan ne mafi yawan makarantunmu suka gaza. Jigoro Kano, da ya kafa judo a 1882, ya tarar da tsofaffin makarantun jujutsu, tsohon salon faɗan Japan da judo ya samo asali daga gare shi, suna dogara da atisayen da aka tsara, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi. Ya ajiye a cikin kata dabarun da ba za a iya gwada su da gaske ba sai an raunata juna, ya ɗora horon yau da kullum a kan randori, inda kowa ke ƙoƙarin kayar da ɗan'uwansa da gaske. Bai zubar da kata ba, har yau judo na da ita, amma ya san ita kaɗai ba ta isa. A 2017 a birnin Chengdu na ƙasar Sin, wani mai koyar da faɗan gauraye (mai haɗa naushi da shuri da kokawa), Xu Xiaodong, ya kara da Wei Lei, malamin taici, wani salon faɗan gargajiya na Sin, cikin 'yan daƙiƙu malamin yana ƙasa. Abin da wannan ya nuna shi ne mutumin da bai saba a kawo masa duka da nufi ba, ranar farko da aka kawo masa jikinsa ba zai amsa ba, komai kyan motsinsa.

Mu nan ba baƙin wannan darasi ba ne. Ɗan dambe ba shi da kata ko ɗaya, amma ya san tazara, ya san zafin naushi, ya san yadda ake tsayawa gaban mai son kai shi ƙasa gaban jama'a, hannu ɗaya na tsarewa da lalube, wanda aka naɗe yana jiran kafa. Ɗan kokawa, irin waɗanda ke neman takobi a gasar ƙasa ta Nijar tun 1975, idan ya riƙe ka za ka san an riƙe ka. Shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce su nemi ɗan kokawa su yi abota da shi. Wata shida kana shiga hannunsa a kan yashi zai buɗe maka Tekki fiye da kallon bidiyo ɗari, domin shi ne zai mayar maka da abin da yaran Okinawa suka tashi da shi.

Yadda za ka yi aikin kuwa, ɗauki motsi ɗaya tak, misali age uke a kan cin kwala. Ku fara a hankali da abokinka, ba gardama, har jiki ya gane hanya. Sannan ya fara riƙewa da ƙarfi, yana ja yana turi. Sannan ya sa safar boksin a ɗaya hannun yana kawo duka, kai kuma da robar haƙora a baki. Sannan ya daina gaya maka ta inda zai zo: ko kwala, ko hannu, ko shaƙa, ko ta baya. Ku yi a jikin bango, ku yi da kayan da kake fita da su, da takalmin da kake sawa, domin doguwar riga tana ba mugu abin kamawa kuma tana hana ƙafa tashi. Ya riƙa yi maka tsawa da baƙar magana kafin ya taɓa ka, saboda sandarewar da ka yi a tasha daga nan ta fara, tun kafin hannu ya kai kwala. Ka saba ɗaga tafukanka biyu a buɗe tsakaninka da shi kana ba shi haƙuri. Mai kallo zai ga mai neman sulhu, kai kuwa hannayenka sun riga sun isa inda ake buƙatarsu. Wuya da gwiwar hannu wurare ne masu haɗari, a kansu taɓawa kawai ake yi a atisaye, ƙarfin a kai shi kan jakar duka. Kowane zagaye ya ƙare da ka kuɓuce ka ruga, don ƙafarka ta saba cewa ƙarshen aikin ke nan. Bayan haka idan ka koma yin kata kai kaɗai za ka ji ta daban, domin kowane motsi yanzu akwai mutum a cikinsa, kuma a nan ne maimaitawar take da riba.

Game da wuƙa ba zan sassauta maka ba, don masu ƙwacen waya a garuruwanmu da makami suke zuwa kuma ba su cika zuwa su kaɗai ba. Babu kata, babu bel, da zai sa ka shiga hannu da mai wuƙa ka tabbata za ka fita lafiya. Wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa na iya cin tazarar kusan mita shida da rabi cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Idan waya yake so, miƙa masa, in da rai da rabo. Hannu yana shiga ne kawai idan an rufe maka hanyar gudu kuma ranka ko na iyalinka ake nema. Ka kuma sani dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta ba ka haƙƙin kare kanka, amma ba ta yarda ka yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata ba. Wanda ya faɗi ko ya juya zai gudu, ka bi shi da duka, kai ne za ka amsa tambaya.

Kada ka bar makarantarku saboda wannan. Shekara ukun nan sun ba ka ƙafa, da numfashi, da ƙugu mai juyawa, kuma su ne abin da sharhin zai hau kai. Ka sami malaminka cikin ladabi bayan an tashi, ka gaya masa abin da ya faru, ka roƙe shi ya ware ko minti ashirin a kowane zama don aikin mutum biyu a kusa. Malamai da yawa su ma haka aka koyar da su, kuma za su yi murna da mai tambaya. Idan bai samu dama ba, ku haɗu ku uku ko huɗu masu hankali, waɗanda ba za su mayar da atisaye fagen nuna ƙarfi ba, ku fara da Tekki da Heian ta farko, kada ku ƙara wata kata sai kun ga waɗannan biyun suna fita da kansu a lokacin da abokin gwaji ya cakume ku ba shiri.